Takalman Ranar Laraba

Assalamu alaikum jama'ar wannan shafi. Duk wadda ta san surukarta na zaune kusa da ita, ta ɗan matsa gefe kafin ta ci gaba da karatu. Na dai faɗa muku.

Sunana Asama'u, 'yar Kwarbai ce ni a cikin birnin Zariya. A shekarar casa'in da huɗu ina da shekara sha tara, na gama sakandare, kuma duk gidanmu ba mai iya rantsuwa ya taɓa jin na yi magana mai tsawo. Kunya ce ko tsoro, ni ma ban sani ba. Mijin yayata Rakiya, wato Yaya Ya'u, shi ya laƙaba mini Bebiya, sunan ya bi ni har makaranta. Da ya shigo gidanmu zai fara, "Ina Bebiya? Yau kalma nawa aka samu? A ajiye mini ɗaya." Kowa ya yi dariya, ni kuwa in duƙar da kai.

To wadda ta shekara sha tara tana kallon ƙasa, me kuke zaton za ta ƙware a kai? Ƙafafu. Wallahi ko a yau ku jera mini takalman mutanen unguwarmu na wancan lokacin, zan raba wa kowa nasa. Na san faso na diddigen liman. Na san mai koko na sa silifas wari da wari. Na san farin sau-cikin Yaya Ya'u, wanda na daman ya ci ya yi baƙi a tsakiya saboda dukan kik ɗin babur. Fuska ce dai ban iya ba.

Yaya Ya'u na da zauren ɗinkin hannu, masu yi wa manyan riguna aska biyu da aska takwas. A cikin masu yi masa aiki ya zaɓo mini Jibril. Ba dole aka yi mini ba, kada ku fara. Ina son abina. Wata huɗu yana zuwa zance duk Juma'a da Lahadi bayan la'asar, ya zauna a tabarmar zaurenmu ya yi ta zuba, ni kuma ina rakuɓe jikin bango ina cewa "Lafiya lau", "To", "Ka gaida gida". Iyakar abin da ya taɓa ji daga bakina ke nan, shi ma a can ƙasan maƙoshi. Da ya gaji sai ya koma rubuto mini wasiƙa ya miƙo da hannunsa, takarda ta sha turare har biro ya jiƙe: "Zuwa ga farin watan zuciyata, mai tsadar magana." Ina da su har yanzu a cikin gwangwanin alewa.

Fuskarsa kuwa, da za a tsayar da ni gaban alƙali ba zan iya siffanta ta ba. Amma takalminsa na fata ne ja, igiyar na hagu ta taɓa tsinkewa, ya ɗinke ta da koren zaren riga, ɗinki mai kyau ƙanana-ƙanana kamar zai kai wa mai sarauta. Wannan koren ɗinkin ne ma ya fara shiga raina. Na ce mutumin da zai yi wa igiyar takalmi wannan adalci, ba zai wulaƙanta mace ba.

An sa rana sati ɗaya bayan babbar sallah. Kakarmu Iya ta fi kowa rawar kai. Ta cika ɗakinta da kwanukan jere da langa-langa, kullum tana turara ni kamar kifi. "Angona ya fi ƙarfinki," take cewa, "don dai na tsufa ne. Ki buɗe baki ki riƙa yi masa magana, kada ya zaci gunki aka ba shi. Kuma ki haihu da wuri, kada ki bi sahun waccan." Waccan ɗin Yaya Rakiya ce. Shekara huɗu da aure ko ɓari ba ta yi ba, kullum hannu a mara, an sha rubutu an yi hayaƙi, Iya ta ce iska ce.

Yanzu bari in gaya muku aikina. Akwai wani ƙaramin asibitin shan magani wajen Ƙofar Kuyambana, ni ce mai rubuta kati a wajen awon ciki. Shugabar wurin Sista Salomi, mutuniyar Wusasa, gajeriya mai farin gashi a goshi, Hausarta ta fi tawa, bakinta ya fi na Iya. A gida an san ina tashi sha biyu, ranar Laraba kuma ina daɗewa "haɗa katuna". Ba ƙarya na yi ba. Ban dai faɗi katunan su wa ba.

Laraba bayan azahar Sista na buɗe ƙofar baya, ta lungu, don maza masu shan ƙwaya da wiwi da masu yi wa kansu allura, waɗanda suka kwaso ciwon sanyi ko tunjere. Ta raba ɗakin biyu da labule shuɗi mai kauri. Ita da ni muna ciki, mutum yana waje a tabarma, ba mai ganin wani. Akwai agogon tebur mai ƙararrawa, ta murɗa shi minti goma.

"Mai ƙwaya a kai ba ya zaman wa'azi," in ji ta. "In kin wuce minti goma, da bango kike magana. Kuma ba ki ce masa ya daina ba, ya ji wannan a wajen uwarsa. Ki gaya masa yadda ba zai kashe kansa ya haɗa da 'yar mutane ba."

Abin da take faɗa ba yawa. Ka gama allurarka bakwai ko da zafin ya ɗauke. Kada ka karɓi allurar da ta shiga jikin wani. Ga kati mai ruwan ɗorawa, ka kai wa macen da kuka haɗu ta zo ita ma. Sannan ta sa safar hannu, ta fito da hannuwanta ta ƙasan labule riƙe da muciya, ta nuna yadda ake sa kwaroron roba. E, muciyar tuƙa tuwo. Sabuwa ta saya a kasuwa don wannan aikin. Tun daga ranar da na fara gani, in Inna ta ce in tuƙa tuwo sai in shiga tari.

Daga nan mutum ya wuce ɗakin Malam Bahago, tsohon ma'aikacin da ke dubawa yana yin allura. Shi cewa yake, "Ni ba ruwana da fuska. Amma mazaunan garin nan, ba wanda ban sani ba."

Doka ɗaya Sista ta kafa mini ranar farko. "Ma'u, abin da ya shiga kunnenki a bayan labulen nan, a nan zai mutu. Ko uwar da ta haife ki. Ranar da maganar mutum ɗaya ta fita, ba wanda zai sake tako lungun nan." Na ce to. Ta ce shi ya sa ma ta ɗauke ni, don an ce mata ba na magana.

Ku zo ku ga yadda suke zuwa. Ana zafin bazara kamar a gasa mutum, sai ga ƙato ya naɗe fuska da rawani, ya ɗora baƙin tabarau, ya shaƙe murya. Ka tambayi suna ya ce Musa Kaduna, na bayansa Audu Kano, na bayansa Garba Jos. A katunana duk birnin Zariya ba mai ciwon sanyi, baƙi ne ke kawo mana shi a mota.

Amma ɗan birni zai ɓoye fuska, ya sauya suna, ya ari muryar wani, ba zai taka tabarma da takalmi ba. Kowa ya zo sai ya tuɓe a bakin ƙofa, ya jera su tsaf, da ladabinsa. Labulen kuwa bai kai ƙasa ba, saura kamar taƙi ɗaya. Ni kuma kujerata 'yar tsugunno ce, kuma kun san inda idona yake.

Na san abubuwa a garin nan, 'yan uwa. Ban taɓa faɗa ba, yau ma ba zan faɗa ba. Na mutum biyu kawai zan ba ku, su ma sai da na nemi izini.

Saura sati uku biki, wata Laraba, mun sallami mutum biyu sai ga unguwarzoma a guje, haihuwa ta zo da gardama a ɗakin gaba. Sista ta miƙe tana cusa mini safar hannu.

"Zauna nan. Kin ji ni sau ɗari."

"Sista, ni?"

"A'a, kakata. Ba mai ganinki, Ma'u. Ki buɗe baki."

Ta fice. Na gyara zama. Aka yi sallama da wata shaƙaƙƙiyar murya kamar an taka agwagwa, aka tuɓe takalmi, aka jera.

Ja. Na fata. Koren zare a igiyar hagu.

Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ina kallon ɗinkin nan ba. Na ce ko aro aka yi. Sai ƙafafun suka tako tabarma suka naɗe, ga babban yatsan nan mai tsagaggen farce da na yi wata huɗu ina yi wa "Ka gaida gida".

Abin mamaki, kuka bai zo ba. Wani abu ne ya taso mini tun daga cibiya, mai zafi, ya buɗe maƙoshina kamar an cire toshiya. Na murɗa agogo.

"Suna?"

"Audu. Audu Kano."

"Sana'a?"

"Direba."

Direban da zaren tsamiya ke maƙale a ƙafar wandonsa. Na rubuta.

"Me ya kawo ka, Malam Audu?"

Muryar da ta fito ban san ta ba ni kaina. Garau, da ƙarfi, har da ɗan gatsen Sista. Shi kuwa ko gezau, ina zai san ta? Bai taɓa ji ba.

Ya yi ta kwana-kwana, daga baya ya sauka. Kwana tara fitsari kamar barkono, ga abu na fita. Ya sha kafso ja-da-rawaya na kemis har ya gaji.

"Kana shan wani abu?"

"Ɗan na hana barci ne kawai, Sista. Aikin sallah ya yi yawa, riga kan riga. Maigidanmu ke kawowa ya jefa mana a butar shayi. In ka sha sai ka ga allura na gudu da kanta."

"Direba da ɗinkin riga?"

"Ina ɗan taɓawa."

"In ta sake ka fa?"

"Ba ta saki, shi ne matsalar. Ido ya bushe, jiki na rawa, sai an ɗan busa kafin a sauko. To in an busa kuma sai a ce a je Sabon Gari a sha iska. Wallahi Sista sau biyu ne kawai. Kuma ba na cikin hankalina."

"Amma ka gane hanya."

Ya yi 'yar dariyar jin kunya. Na gaya masa na allura bakwai. Na tura masa katin ruwan ɗorawa ta ƙasa, na ce ya kai wa ta Sabon Garin, ita ma 'yar wasu ce. Sannan na ɗauki muciya. Jama'a, na fito da hannuwana ta ƙasan labule na yi abin nan tsaf yadda Sista ke yi, har da matse kan.

"A'uzubillahi," in ji shi.

"A can ka yi a'uziyyar?"

Ban jira amsarsa ba, na ci gaba.

"Kana da iyali?"

"Saura sati uku."

"To ba saura sati uku ba. Sai ka gama allura, a ɗebi jininka a kai babban asibiti a duba har da ƙanjamau, bayan wata uku a sake ɗiba. Kai namiji ne, za ka sha zafi ka warke. Ita in ka zuba mata, zai shige ciki ya toshe mata mahaifa ba ta sani ba. Ta shekara goma ana ce mata juya, ana ɗura mata rubutu, kai kana yawo da babbar riga."

Ina faɗa Yaya Rakiya ta gifta mini a rai, hannu a mara. Na kore tunanin, don ba shi ne a gabana ba.

"Haba Sista! An kai lefe, an gaya wa dangi har na Kaduna. In ce musu me?"

"Ka gaya wa yarinyar gaskiya."

"Wa? Asama'u?" Ya manta da shaƙe murya gaba ɗaya. "Sista ba ki san ta ba ne. Yarinyar ko magana ba ta yi. In ka ce mata ga wuta can, sai ta ce to. Ba ta san irin waɗannan abubuwan ba sam, in ta ji sai ta suma. A nan ma take aiki, wajen awo, da safe. Don girman Allah kada ta ji."

"Ba za ta ji a bakin kowa ba," na ce, "sai naka."

Agogo ya ɗauki ƙara. Ya tashi ya shiga wajen Malam Bahago. Ina nan zaune da muciya a cinya har na ji tsohon na cewa, "Saki jikinka, ɗan samari, ba yanka ka zan yi ba."

Ban gaya wa Sista ba. Na koma gida na ci tuwo, Iya ta turara ni. Na ce a raina, in ya cika bakwai ɗin nan ya nemi a ɗaga, zan rufe bakina har kabari.

Allurar kullum ce, ta ƙofar baya, kuma katin na dawowa hannuna. Alhamis Audu Kano ya zo. Juma'a bai zo ba, zance ma ya aiko cewa aiki ya riƙe shi. Asabar bai zo ba. Na tambayi Malam Bahago kamar ba komai, ya ce, "Haka suke. Da zafin ya ɗauke sai su ce sun warke. Ciwon na nan kwance yana jiran amarya."

Lahadi bayan la'asar Iya ta leƙo ɗaki. "Tashi, angona ya zo. Sa atamfar nan mai ganye, ki shafa hoda, kin yi wani zuru-zuru kamar mai takaba."

Na sa. Na yafa gyale na fita. Yana zaune a tabarmar zaure cikin shadda ruwan toka sai ƙamshi yake, jan takalmin na gefe a jere. Ya fara zuba: kafinta ya gama gado, an yi wa ɗaki shuɗin fenti, abokai za su ɗauko mai hoto daga unguwar Kongo. Lafiyarsa lau, murya wasai. Ya miƙo wasiƙa.

Ban karɓa ba. Na ɗaga kai.

Ashe yana da wushirya. Ashe kyakkyawa ne, ɗan banzan. Idanun ne dai sun yi ja sun faɗa, kamar wanda ya kwana uku a tasha. Ya yi turus, don bai taɓa ganin tsakiyar idona ba.

"Audu Kano," na ce, da muryar ranar Laraba, "allura biyar ta rage maka."

Na ga lokacin da maganar ta isa. Bakin ya buɗe, wasiƙar ta faɗi a tabarma.

"Ba wanda ya gaya mini, kuma ba wanda zai ji daga gare ni. Amma ba zan shiga shuɗin ɗakin nan ba sai katinka ya cika, jini ya fito sau biyu. Ka je ka sa a ɗaga ranar, ka ƙirƙiro dalilinka, ai ka iya ƙirƙira, direba. In ba ka ɗaga ba ni zan ce na fasa, kuma ba zan faɗi dalili ba ko Baba zai yanka ni."

"Ke... ke ce mai... muciyar?"

"Ni ce."

Ya miƙe. Na zaci zai yi faɗa ko ya yi rantsuwa. Wallahi sai ya juya ya fita, da sauri-sauri, sannan da gudu. Ba takalmi. Ƙasa ta ɗau zafin rana, ina hango shi yana ɗaga ƙafa kamar zakara har ya sha kwana.

Iya ce ta tsinci takalman. Ta shigo tsakar gida tana ɗaga su sama. "Jama'a me yarinyar nan ta yi wa bawan Allah? Mutum ya shigo da ƙafa huɗu ya fita da biyu! Ke, me kika ce masa?"

Na duƙar da kai.

"Kun gani ko? Ni dama na ce shirun nan ba na lafiya ba ne."

Litinin na sami Sista na faɗa mata komai. Ban taɓa ganin ranta ya ɓaci haka ba. Ta rufe ƙofa ta tsaya a kaina.

"Kin san abin da kika yi? Shekara biyu ina lallashin mutanen nan su yarda labulen nan ba ya da ido. In yaron nan ya je zaurensu ya ce akwai 'yar Kwarbai a ciki tana gane mutane, an gama. Su koma kemis, su koma kan matansu. Shi kansa kin kore shi da allura biyu a jiki."

"Sista, ni zai aura."

"Na sani! Shi ya sa ban mare ki ba." Ta zauna tana huci. "Tsaya ma. Ya aka yi kika gane shi? Ba rawani ya naɗa ba?"

"Takalmi."

"Takalmi?"

Na nuna mata ƙasan labulen. Ta sauko daga kujera da ƙyar, ta tsuguna daidai inda nake zama, ta leƙa. Ta daɗe a haka.

"Shekara ashirin da shida ina aikin jinya," ta ce a hankali. "Wato duk kin san su."

"Ban taɓa faɗa ba."

"Yau za a ƙara wa labulen nan ƙyalle." Ta aika wa teloli uku, kowa ya ce sai bayan sallah, aiki ya yi masa yawa. Ta ce to, Laraba in zo. In tabarmar ta yini ba kowa, in ɗauki jakata, ita ma ta rufe ƙofar baya.

Talata da hantsi kawun Jibril ya zo wajen Baba. Wai rufin ɗakin amarya ya tsage, ba a so a kai 'yar mutane damina ta same ta a ciki, a ɗaga zuwa bayan kaka. Gidanmu ya kama da wuta. Inna ta shiga ɗaki ta rufe. Iya ta zauna a tsakar gida tana lissafa wa Allah sunayen maƙiyanmu. Ta ce rufin ƙarya ne, ni ce na yi wani abu, kuma takalman na ƙarƙashin gadonta, ba mai karɓa sai ya zo ya yi mata bayani. Yaya Rakiya ce kawai ta jawo ni jikinta ta ce, "Ku ƙyale ta mana. Wata biyar ɗin me? Gaggawar me ake yi, ni da aka yi wa gaggawar me na tsinta?"

Ni kuwa a ƙasan gyale murmushi nake. Ya ɗaga. Saura allura.

Laraba muka zauna bayan labule ni da Sista, agogo a tsakaninmu. Aka yi azahar. Ƙarfe biyu da rabi, ba kowa. Malam Bahago ya leƙo ya ce ko ya kashe risho, kada ruwan dafa allura ya ƙone a banza. Sista ba ta kalle ni ba, ni ma ban kalle ta ba. Uku saura kwata na fara tattara birona.

Sai muka ji takun mutane a lungu. Ba ɗaya ba.

Sabon silifas shuɗi aka fara tuɓewa, ko takardar jikinsa ba a ɓare ba. Tsagaggen farcen nan ya tako tabarma. Sista ta dube ni, na gyaɗa kai, ta turo mini agogo da yatsa.

"Suna?"

"Jibril." Da muryarsa ta gaske. "Ɗinki nake yi. Na zo a ci gaba da allura."

"Ba ci gaba. Ka tsallake kwana biyar, daga farko za a sake."

"Bakwai kuma?"

"Bakwai."

Ya ja numfashi. "To. Katin nan na kai mata, ta zage ni tas, amma ta ce za ta zo. Kuma na taho da mutanen zaurenmu, mu shida, duk butar shayi ɗaya muke sha. Ban ce musu komai ba. Na dai ce akwai wata Sista a nan, in ta yi maka magana minti goma sai ka ji kamar an yi maka wanka da soso." Ya yi ƙasa da murya. "Sista, don Allah a tambayar mini wata a wajen awo. Takalmina fa?"

Sista ta toshe baki da gefen ɗankwalinta, kafaɗunta na rawa.

Na ce, "Ta ce ranar da jini ya fito na biyu ka zo ka karɓa a wajen kakarta. Ka taho da bayanin da za ka yi wa tsohuwar."

"Wayyo. Gara allurar."

"Wuce, Malam Bahago na jira."

Huɗu suka biyo baya, Sista ta yi da su, Garba Jos biyu, Sani Gusau ɗaya, ɗaya ma ya ce shi daga Nijar yake. Ina rubutu ina jin wani sanyi a raina, har na fara tunanin kalar zanen da zan sa bayan kaka.

Na ƙarshe ya daɗe a waje kafin ya shigo, kamar mai shawara da ƙafarsa. Sannan aka tuɓe, aka jera.

Farin sau-ciki. Na daman ya ci ya yi baƙi a tsakiya.

Biro ya tsaya a hannuna. Maigidan da ke jefa ƙwaya a butar shayi. Shekara huɗu Yaya Rakiya na riƙe da mara, shekara huɗu Iya na cewa iska ce.

"Suna?" in ji Sista.

"Musa Kaduna."

"Kana da iyali, Malam Musa?"

Ya yi gyaran murya. "A'a. Ban yi aure ba tukuna."

Na jawo kati mai ruwan ɗorawa na ajiye a gabana. Sista ta kai hannu za ta ɗauki agogo, ta tarar na riga ta. Ta dubi fuskata, ta dubi ƙasan labule, ta janye hannunta a hankali ta miƙo mini safar hannu.

Shekara huɗu yana tambaya kalma nawa aka samu, a ajiye masa ɗaya.

Na murɗa agogon, minti goma cif.